Laifin Fim Ne Ko Na Mai Kallo?

A gidaje da yawa an saba jin wata gardama bayan an kashe talabijin. Uwargida ta ce fim ɗin ya taɓa zuciyarta har ta yi ƙwalla, maigida kuwa ya ce an ɓata masa lokaci da man janareta a banza. 'Ya'ya su rabu biyu, wasu su bi bayan uwa, wasu su bi bayan uba. Ba abin mamaki ba ne mutane su sha bamban a kan abin da suke so, gama tun dā aka ce abincin wani gubar wani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wannan maigidan zai iya sake cin karo da fim ɗin bayan shekara guda, a ranar da aka biya albashi kuma ba mai binsa bashi, ya zauna ya kalla har ƙarshe, ya tashi yana yabo, ya ma manta cewa shi ne ya kushe shi bara. Fim ɗin bai ƙaru da kome ba. 'Yan wasan su ne na dā, maganganun ma su ne, ba a cire ko daƙiƙa ɗaya ba. To, a cikin hukuncin nan biyu wanne ne na gaskiya, wa kuma ya kamata a ɗora wa laifin daren farko?

Wani zai ce wannan ba tambayar da za a ɓata takarda a kanta ba ce, tun da fim abin nishaɗi ne kawai. Amma a gaban talabijin ne iyalai da yawa suke zama tare da daddare, a nan ne kuma yara suke ganin yadda manya suke yanke hukunci a kan aikin da wani ya yi. Mutumin da ya saba ɗora wa fim laifin gajiyarsa, da wuya ya tsaya a kan fim. Gobe girkin matarsa ne zai sha kushe, jibi waƙar ƙungiyar mawaƙa, gata kuma wa'azin da ya yi gyangyaɗi a tsakiyarsa. Saboda haka tambayar ta shafi adalci, ko da yake ta ƙofar wasa ta shigo.

Littafin Sama'ila na fari ya ba da labarin da ya haskaka wannan al'amari tun kafin a yi mafarkin majigi. Sa'ad da damuwa ta addabi Sarki Saul, aka nemo masa Dawuda ɗan Yesse domin ya kaɗa masa garaya, kiɗan kuwa yakan kwantar masa da rai ya sami sauƙi. Bayan an kashe Goliyat, mata suka yi wa Dawuda kirarin da ya ɗara na sarki, kishi ya shiga zuciyar Saul. Dawuda ya ɗauki garayarsa kamar yadda ya saba, amma a wannan karo sarki ya wurga masa mashi. Makaɗin bai sake ba, hannun ma na jiya ne. Da za a tambayi Saul a ranar ko kiɗan ya yi daɗi, amsarsa za ta tona halin da zuciyarsa take ciki, ba tare da ta faɗi kome a kan gwanintar Dawuda ba.

A shekarar 1757 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotlan, David Hume, ya rubuta maƙala a kan ko akwai ma'aunin da za a iya auna kyan abu da shi, ko kuwa kowa da nasa mudun ne. Hume bai shahara da bangaskiya ba, amma a wannan wuri ya faɗi abin da kowace uwa da ta taɓa jinyar yaro ta sani. Mai zazzaɓi ba ya zama alƙalin ɗanɗano, mai ciwon shawara kuma ba a neman shaidarsa a kan launi. Haka nan, a ganinsa, wanda zai auna waƙa ko zane yana bukatar natsuwar rai, da tattara hankali wuri ɗaya, da zaɓen lokaci da wurin da suka dace. In aka rasa waɗannan, hukuncin da aka yanke ba abin dogara ba ne. Ya kuma aro wani labari daga littafin Don Quixote, na mutum biyu gwanayen ɗanɗana ruwan inabi waɗanda aka kira su gaban wata ganga. Na fari ya kurɓa ya ce abin yana da kyau, sai dai yana jin ɗanɗanon fata a ciki. Na biyu ya ce shi ma ya yaba, amma ƙarfe-ƙarfe yake ji. Jama'a suka yi musu dariya. Da aka shanye gangar sai ga wani tsohon mabuɗi ɗaure da igiyar fata a gindinta. Ma'anar labarin a wurin Hume ita ce, akwai abin da yake cikin gangar da gaske, amma harshe mai lafiya da kulawa ne kaɗai yake iya gano shi.

Wahalar kuwa ita ce, mai zazzaɓi ya san yana zazzaɓi, domin jikinsa yana gaya masa. Mai ɓacin rai sau da yawa bai san cewa ɓacin ran ne yake magana da bakinsa ba. A 1983 wasu masanan halayyar ɗan adam biyu, Norbert Schwarz da Gerald Clore, suka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka. An kira mutane ta wayar tarho, wasu a ranar da gari ya yi haske, wasu a ranar ruwan sama, aka tambaye su yadda suke ganin rayuwarsu gaba ɗaya. Waɗanda aka kira a ranar ruwa sun fi nuna rashin gamsuwa. (Manomin Pankshin ko na Biu zai yi mamaki, gama shi ranar ruwan fari ce ranar farin cikinsa, amma a can ruwa yana zuwa da sanyi da duhun gari.) Inda gwajin ya fi ba da sha'awa shi ne, idan mai kiran ya fara tambayar yadda yanayin gari yake kafin ya shiga ainihin tambayar, bambancin yakan ɓace. Da zarar mutum ya tuna cewa hadari ne ya sa ransa ya yi nauyi, sai ya daina ɗora nauyin a kan rayuwarsa. Masu bincike na baya sun yi jayayya a kan girman tasirin yanayin gari, amma abin da gwajin ya nuna ba baƙo ba ne ga kowa: zuciya takan ɗebi damuwa daga wani wuri ta zuba a kan abin da yake gabanta. Wanda ya sha faɗa da mai gidan haya da yamma, ya zauna kallo da daddare, fim ɗin ne yake gabansa, mai gidan haya kuwa ya riga ya tafi.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin cewa mai kallo ba ya zuwa hannu rabbana. Wajen shekarar 1920, wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani sanannen ɗan wasa, Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna murna ko baƙin ciki ba. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton mace kwance a akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da hoton yarinya tana wasa. Asalin fim ɗin ya ɓace, amma abokin aikinsa Vsevolod Pudovkin ya ba da labarin cewa masu kallo sun yi ta yabon ɗan wasan: yadda ya zurfafa tunani a kan miyar, yadda ya yi alhinin mamaciyar, yadda ya yi wa yarinyar murmushi. Alhali fuskar ɗaya ce a duk wuraren uku. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan masu kallo ne suka kai wa fuskar labari. In kuwa hoton da ya gabata na daƙiƙa kaɗan yana iya sauya yadda ake karanta fuska, ina ga yini guda da mutum ya yi a kasuwa, ko a layin asibiti, ko a wurin zaman makoki, kafin ya zauna kallo? Wannan yinin shi ne hoton farko na fim ɗin, ko da yake mai shirya fim bai san da shi ba.

Halin rai ke nan. Hankali kuma yana da nasa labarin, wanda ya fi wannan ba da kunya. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi wani gwaji a Jami'ar Harvard. Sun nuna wa mutane gajeren bidiyo na 'yan wasa masu fararen riguna da masu baƙaƙe suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙidaya sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin wasan sai wata mace sanye da kayan gwaggon biri ta ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba sam, da aka sake nuna musu kuwa wasu suka ƙi yarda cewa bidiyon farko ne. Idonsu a buɗe yake, yana kuma kan allon, amma hankalinsu yana wurin ƙidaya.

Wannan gwaji ya wanke wani tsohon ƙazafi da aka yi wa mutanen Afirka. Akwai labarin da Turawan zamanin mulkin mallaka suka yi ta maimaitawa, wanda Marshall McLuhan ya ƙara yaɗawa a littafinsa na 1962. Wai an nuna wa mutanen wani ƙauye fim na koyar da tsabta, inda duba-gari yake zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwanaye domin hana sauro hayayyafa. Da aka tambaye su abin da suka gani, suka ce kaza. Masu shirya fim ɗin ba su ma san akwai kaza a ciki ba, sai da suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suka same ta tana giftawa ta wata kusurwa na ɗan lokaci. Daga nan aka yanke cewa baƙar fata bai iya kallon fim ba. Masana tarihi sun yi shakkar yadda aka ba da labarin, amma ko da a ce haka ya faru, bai nuna abin da aka ce ya nuna ba. Mutumin ƙauye ya ga kaza domin kaza dukiya ce a wurinsa, darasin kuwa an ja shi ya yi tsawo. Bature bai ga kazar da ya ɗauka da na'urarsa ba, kamar yadda masu ilimin zamani suka kasa ganin gwaggon biri. Kowane ido yana bin abin da hankali ya aike shi nema.

Fim mai kyau kuwa da ƙananan abubuwa ake gina shi. Kallon da mace ta yi wa ƙofa kafin ta amsa tambayar mijinta, wasiƙar da aka ajiye a ƙarƙashin matashi a farkon labari, shirun da uba ya yi sa'ad da ɗansa ya ambaci sunan wani, waɗannan su ne tubalan da ƙarshen labarin zai tsaya a kansu. Wanda ya sunkuya yana amsa saƙo a waya a daidai lokacin, ya rasa tubalin, bai kuwa san ya rasa ba. Idan aka zo ƙarshe, kowa yana share hawaye, shi sai ya ce labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Gaskiya ya faɗa a kan abin da ya kalla, sai dai abin da ya kalla guntaye ne da ya tsinta tsakanin saƙo da saƙo. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko ba waya ma, zuciya da kanta mai yawo ce. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert suka bi diddigin mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta dabam-dabam abin da suke yi da abin da suke tunani. Sun tarar cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, tunanin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin waɗannan lokuta sun fi bayyana rashin farin ciki. Mai kallo da hankali rabe ya yi asara biyu ke nan, bai sami fim ɗin ba, bai kuma sami hutun da ya zauna nema ba.

Dattawan da suka ga zamanin majigi za su tuna cewa kallo a dā yana zuwa da shiri. Motar majigi takan iso gari da rana, labari ya bazu, a kafa farin ƙyalle a fili, mutane su ci tuwo da wuri su ɗauko kujeru da tabarmi, a zauna jiran duhu. Haka aka riƙa nuna fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka aka kuma juya shi zuwa Hausa da ɗaruruwan harsuna, a filayen ƙauyuka da janareta yana kuka a gefe. A gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos kuwa, tun daga shekarun 1950 jama'a suka riƙa cika wuri domin finafinan Indiya. Mother India na 1957 ya kusa awa uku, da harshen da masu kallo ba sa ji, duk da haka sun bi labarin uwar da ta sha wahalar renon 'ya'yanta a hannun mai ba da bashi da ruwa, har suka iya ba da shi daki-daki. Sun karanta fuska da murya da tsayuwar jiki, domin ba su da wani abin dogara sai kulawarsu. Ba a ce zamanin ya fi na yanzu tsabta ba. Gidajen silima suna da hayaniya da hayaƙin taba, iyaye da yawa kuma sun hana 'ya'yansu zuwa, da dalili. Amma hayaniyar a kan fim ɗin ake yinta. Wanda ya taka sayyada zuwa wurin, ya biya kuɗi, ya san cewa abin da ya wuce ba mai maido masa da shi, wannan ya riga ya biya rabin kuɗin jin daɗi kafin a kunna haske. Yau fim yana cikin aljihu, ana iya tsayar da shi, a koma baya, a tsallake gaba, wannan sauƙin kuwa shi ne ya rage masa daraja a idon mai shi.

A nan mai hankali zai ɗaga hannu ya ce, in haka ne ashe babu mugun fim, sai dai mugun mai kallo? Wannan ma kuskure ne, kuma mabuɗin nan na gindin ganga ya riga ya amsa shi. Akwai abin da yake cikin fim da gaske. A 2008 Uri Hasson da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka sa mutane kallon abubuwa dabam-dabam a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, domin su ga ko ƙwaƙwalen masu kallo suna tafiya tare. Da aka nuna wani shirin Alfred Hitchcock, sama da kashi 65 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa ya yi aiki iri ɗaya a tsakanin masu kallo. Fim ɗin The Good, the Bad and the Ugly ya kai kashi 45. Hoton da aka ɗauka na jama'a suna harkarsu a wani dandali, ba tsari ba shiri, bai kai kashi 5 ba. Ashe gwani yana iya kama hankalin mutane dabam-dabam ya kora shi hanya ɗaya kamar makiyayi da garkensa, wanda bai iya ba kuwa ya bar shi ya watse. Idan mutum ya huta, ya natsu, ya ba fim hankalinsa duka, ya tarar labarin yana jan ƙafa, ana maimaita magana ɗaya sau uku domin a cika faifai na biyu, yana da iko ya ce aikin bai yi kyau ba. Ya biya abin da ake binsa, mai fim ne ya gaza.

Sai dai iya kama hankali dabam yake da cancantar a ba da shi. Haɗarin mota a bakin hanya ma yana tara 'yan kallo. James Cutting na Jami'ar Cornell da abokansa sun auna finafinan Amurka 160 na tsakanin 1935 da 2010, suka tarar cewa tsawon hoto guda kafin a yanka zuwa wani ya ragu daga wajen daƙiƙa 10 zuwa ƙasa da 4. Saurin yanka ba zunubi ba ne, akwai gwanayen da suke amfani da shi da fasaha. Amma kasuwa tana bin mai saye. Jama'ar da ba ta iya haƙurin minti biyar na shiru za ta sami masu sayar mata da ihu da jini da tsiraici, gama waɗannan ne suke iya ɗago kan da ya sunkuya a kan waya. Rashin kulawar mai kallo ba ya tsayawa a ɗakinsa, yana komawa ya zama umarni ga masu shirya fim na gaba.

Har ila yau, ba ɓacin rai kaɗai ne zazzaɓi ba. Farin ciki ma yana karkata mudu, an kuwa fi jinkirin zarginsa domin yana da daɗi. So hana ganin laifi. Saurayin da ya kalli fim a gefen budurwarsa zai rantse bai taɓa ganin irinsa ba. Taron abokai da suke dariya tare sukan haɗiye ba'ar da ake yi wa gurgu ko mai in'ina ko wata kabila, abin da kowannensu zai ji kunyarsa in shi kaɗai ne. A cikin ikilisiya ma akwai irin wannan. Finafinan bishara sun yi aiki mai yawa a ƙasar nan tun lokacin da ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye ta fitar da Agbara Nla a farkon shekarun 1990, amma ba kowane fim mai ɗauke da sunan bishara ne aka yi shi da kyau ba. Wani an rubuta shi da gaggawa, wani ya fi ba aljanu da matsafa lokaci fiye da abin da ya ce yana koyarwa. Masu bi sukan yafe wannan duka domin sun zo da ƙauna. Ƙaunar abu ce mai kyau, amma yabon da bai ga aibi ba yana hana matasan da suke koyon sana'ar su gyara hannunsu. Sa'an nan ga iyayen da suke zaune a falo, jiki a wurin, hankali a wani wuri, suna tsammani suna lura da abin da yara suke kallo. Gwaggon biri yana iya ratsawa ta gaban irin wannan mai gadi.

C. S. Lewis, wanda masu karatu da yawa suka sani ta littattafansa na bangaskiya, malamin adabi ne a sana'arsa. A wani ƙaramin littafi da ya fitar a 1961, An Experiment in Criticism, ya bambanta tsakanin mai amfani da aikin fasaha da mai karɓarsa. Na fari yana zuwa da bukatarsa, ya ɗebi abin da zai biya ta, ya watsar da saura. Na biyu yana ajiye kansa a gefe tukuna, ya bar aikin ya yi magana, sa'an nan ya auna. Lewis ya lura cewa ba a iya sanin ko aiki ya cancanci a miƙa masa kai sai an miƙa ɗin. Wannan ba ya nufin cewa amfani da fim domin hutu laifi ne. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye tana da iko ta nemi abin dariya mara nauyi, wanda ya yi sabon rashi kuma ba a tilasta masa kallon labarin mutuwa. Dolf Zillmann ya nuna tun a shekarun 1980 cewa mutane sukan zaɓi abin kallo domin su gyara halin ransu, kamar yadda ake zaɓen abinci bisa ga yanayin ciki. Inda kuskure yake shigowa shi ne sa'ad da mai neman hutu ya ɗauki fim mai neman tunani, fim ɗin ya ƙi ba shi abin da ya zo nema, shi kuwa ya fita yana shelar cewa aikin banza ne.

Abin da adalci yake nema a nan ba mai yawa ba ne, ko da yake yana da wuyar yi. Akwai tazara tsakanin "ban ji daɗinsa ba" da "ba shi da kyau". Maganar fari shaida ce a kan kai, mutum kuwa yana da ikon ba da ita kowane lokaci. Ta biyu shaida ce a kan aikin wasu, marubuci da 'yan wasa da mai ɗaukar hoto da wanda ya kwana yana haɗa sauti, ba ta kuwa halatta ga wanda ya yi barci a tsakiya ko ya kalla da ido ɗaya. Uban da ya iya cewa a gaban 'ya'yansa, "Yau na gaji, hankalina ba ya nan, bari in sake gani kafin in yi magana," ya yi abin da mai kiran wayar nan ya yi wa mutanen ranar ruwa, ya raba hadarin da hukuncin. Yaran da suka ji haka sun koyi cewa akan bincika mudu kafin a zargi hatsi, za su kuwa bukaci wannan a wuraren da suka fi fim nauyi, kamar ranar da za su saurari ƙarar abokin aure ko su zauna a kwamitin da zai auna aikin wani.

Wani lokaci ma al'umma ce gaba ɗaya take kallo a ranar da ba ta dace ba. A watan Disamba na 1946 aka fitar da It's a Wonderful Life a Amurka, fim ɗin Frank Capra wanda James Stewart ya fito a matsayin George Bailey, mutumin kirki da bashi ya kai shi bakin gada a daren jajibirin Kirsimeti yana shirin hallaka kansa, har aka aiko mala'ika ya nuna masa yadda garinsu zai kasance da ba a haife shi ba. Shekara guda ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu masu sharhi suka ce zaƙinsa ya yi yawa, kuɗin da ya shigo bai mayar da abin da aka kashe ba, an sa shi takarar lambar Oscar a fanni biyar bai ci ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka ajiye shi, aka kusa mantawa. A 1974 aka yi sakaci ba a sabunta haƙƙin mallakarsa ba, gidajen talabijin suka same shi a arha, suka riƙa nuna shi kowace Kirsimeti. A nan ne ya tarar da iyalai zaune a gida, an rufe wurin aiki, an ci an ƙoshi, kakanni da jikoki a ɗaki ɗaya, ba mai gaggawar zuwa ko'ina. Cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin finafinan da Amurkawa suka fi ƙauna. A 1990 aka shigar da shi cikin kundin finafinan da ƙasar take adanawa domin darajarsu. Capra yana da rai a lokacin, ya rasu a shekarar da ta biyo baya yana da shekara 94.